Doguwar tafiyar ƙafa a tsaunuka cikin ruwan sama: rigar ruwa ta isa?

Sabon_Matafiyi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokina mun shirya tafiyar ƙafa ta kwanaki a cikin tsaunuka, kowa da jakarsa a baya, tanti da kayan kwana duk a ciki. Hanyar duwatsu ce da kwazazzabai, akwai rafukan da za mu ƙetare, kuma hasashen yanayi ya nuna za a yi ta sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hutun da muka samu ke nan, ba halin ɗagawa. Na sayi rigar ruwa da murfin jaka. Sun isa? Kuma me ya kamata in fi kiyayewa?

Mai_Sandar_Hanya:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka cire rai da cewa za ka yi tafiya a bushe. In ruwa ya wuni yana zuba, ko bai ratsa rigar ba, zufarka za ta jiƙa ka daga ciki yayin da kake hawa da kaya. Amfanin rigar shi ne ta tare maka iska, ɗumin jikinka ya zauna.

Abin da nake kashe hankalina a kai shi ne kayan dare. Murfin jaka ba ya tsare su, domin ruwa yana gangarowa ta tsakanin bayanka da jakar, iska kuma tana iya yaye shi. Ka samu babbar leda mai kauri, ka zura ta cikin jakar tun tana wofi, ka sa jakar barci da riga da wando da safa na kwana a ciki, ka matse iskar, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa shi ƙasa. Ba a buɗe ledar nan sai a cikin tanti. Da safe kuma jiƙaƙƙun kayan jiya za ka mayar jikinka. Na san babu daɗi, minti goma na farko sai ka cije, amma in ka fita da busassun, da yamma ba ka da ko ɗaya.

Kada ka sa auduga. Tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a fata tana zuƙe maka ɗumi. Ulu ko yadin roba irin na 'yan wasanni ya fi. Mutane na raina sanyi don ba su ga ƙanƙara ba, alhali duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Celsius. Jikin mutum yana kan digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ku riƙa lura da juna: karkarwar da ta ƙi tsayawa, yawan tuntuɓe, magana na harɗewa, yatsu su kasa jan zif. Wanda abin ya kama sau da yawa shi ne zai ce lafiyarsa lau. Kada ka saurare shi. Ku kafa tanti nan take, ka cire masa jiƙaƙƙun kaya, ya shiga jakar barci, ya sha abu mai ɗumi in yana iya haɗiya da kansa.

Uwar_Tsauni:
Yaya ya faɗi gaskiya, amma ni rafukan nan ne suka fi tayar min da hankali. Rafin da ka gani iya idon sawu da safe zai iya kai ƙugu da azahar. In ruwan ya yi ja, yana ɗauke da rassa, ko kana jin duwatsu na gungurawa a ƙasansa, kada ku shiga. Rafin dutse yana cika da sauri, yana kuma janyewa da sauri bayan an ɗauke ruwa, don haka ku ƙara guzurin kwana ɗaya saboda jira.

In za ku ƙetare, ku nemi inda ya yi faɗi, ba inda ya tsuke ba. Ka kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji, don in ka faɗi ka iya yar da jakar. Ka fuskanci inda ruwan ke tahowa, ka dogara sanda, ka riƙa jan ƙafa gefe-gefe, da takalminka a ƙafa. Kuma don Allah kada ku kwana a busasshen kwari komai kyawun yashinsa. Ruwan da aka yi can sama, wanda ba ku ma gani ba, ta nan zai biyo.

Sabon_Matafiyi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ledar kam ban taɓa tunaninta ba. To ƙafa fa, tunda takalmin zai wuni a jiƙe? Da tsawa in ta same mu a sama?

Uwar_Tsauni:
Kowane dare ka wanke ƙafar, ka goge ta har tsakanin yatsu, ta sha iska, sannan ka sa busasshiyar safa. Da safe ka shafa basilin kafin ka mayar da jiƙaƙƙiyar. Inda ka ji ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba. Ƙafar da ta kwana biyu a jiƙe cikin sanyi tana iya yin fari ta mutu murus, ka daina jin ta. Ciwon nan ya illata sojoji da yawa a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tsawa kuwa, in ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙu har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, ku sauka daga ƙololuwa, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku ba juna tazara, kuma ku jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe kafin ku sake hawa.