Ba da labarin masu alheri: koyi ne ko riya?

Ɗan Kwamiti:
Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu mata, kwamitin masallacin unguwa na son tara wa marayu abinci kafin azumi. Wasu sun ce a riƙa ba da labarin waɗanda suka taimaka don jama'a su yi koyi, wasu sun ce riya ce. Ina gaskiyar take, kuma yaya ake yi?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Abin yana da asali. Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi cewa wasu mutanen ƙabilar Mudar sun zo Madina ba takalmi, cikin tsananin talauci. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da sadaka ko da tsagin dabino ne. Sai wani Ba'ansare ya taho da jaka, hannunsa na neman gazawa don nauyi. Da mutane suka gani, suka yi ta biyo baya har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A nan ne aka faɗi hadisin wanda ya sunnanta kyakkyawar sunna yana da ladanta da ladan masu binsa. Aya ta 271 a Baƙara ta yaba bayyana sadaka, amma ta fifita ɓoyewa. Don haka ku faɗi aikin, sunan kuwa sai mai shi ya yarda.

Uwar Marayu:
Ɗana, ku lura da labarin wa kuke bayarwa. Na attajirin da ya sauke tirela yana sa talaka ya ce wannan sai su. Na mai ƙosan da take ware wa almajirai biyar-biyar kowace safiya shi ke taɓa zuciya, don kowa zai iya. Kuma kada a gama labari a watse haka kawai, tausayi yana hucewa kafin mutum ya kai gida. A faɗa ƙarara: mudu biyu na gero ko kwalbar manja, a kai wa ladan kafin Juma'a.

Roƙona ɗaya, don Allah kada a ɗauki hoton yaro riƙe da leda a watsa a WhatsApp. Gobe makaranta zai je, 'yan ajinsu sun gani.

Ɗan Filato:
Kuma labarin ya zama wanda za a iya bin diddiginsa. Na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ratsa ƙasa ne saboda shaidu suna raye: a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 daga mahara a masallaci da gidansa, Amurka ta karrama shi a 2019. Ƙarin gishiri sau ɗaya ya isa a daina yarda da kwamitinku. Kuɗi su shiga asusu mai sunan kwamiti, da sa hannun mutum biyu, ba na aljihun wani ba. Bayan rabo a tashi a masallaci a karanta abin da ya shigo da adadin gidajen da suka samu.