Katunan T206 tara a hannuna: in tura a ba su maki ko in sayar?

Ɗan Bronx: Salamu alaikum 'yan uwa. Dattijon da nake kula da shi a Yonkers ya ba ni katunan 'yan wasan baseball tara, irin na cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, waɗanda ake kira T206. Bakwai tallar sigarin Piedmont ce a bayansu, biyu ta tabar Polar Bear, kuma a cikinsu akwai katin ɗan wasa Ty Cobb mai jan bango. Wani dillali ya taya dala 900 duka. In sallama, ko in tura PSA ko SGC, kamfanonin da ke tantance kati su ba shi makin inganci?

Mai Goro: Duba ko akwai katin ɗan wasa Honus Wagner! An sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022.

Ɗan Bronx: Alhaji, da akwai shi ai da tuni na bar aikin dare.

Baban Ummi: Ɗan'uwa, ni na ƙone. Na sayi Cobb a wajen baje koli, kusurwa huɗu tsaf kamar yau aka buga. Na tura aka dawo min da shi babu maki, wai an datse gefensa da reza. Wanda ya sayar min ya kashe waya. Kuɗin hayar gida ne wallahi, har yau uwargida ba ta manta ba. Sa rula, ka gwada tsawon Cobb ɗinka da sauran katunan. Ko Wagner ɗin da ya sami maki 8, dillalin katuna Bill Mastro ya amsa a kotu a 2013 cewa ya datse shi.

Hajiya Philly: Nasa ai ba saye ya yi ba, Malam. Ɗan Bronx, tabon Polar Bear kada ka goge, taba ce zube ake zubawa tare da katin. Piedmont ɗina dala 60 na sayar.

Mai Goro: 60? An cuce ki, Hajiya, ni 150 na karɓa.

Hajiya Philly: Wane ɗan wasa, maki nawa? Kai da kati ɗaya ka taɓa riƙewa.

Zango Boy: Ku bar gardama, ya sa madubin ƙara girma tukuna. In ya ga ɗigo-ɗigo jere reras kamar hoton jarida, ba na asali ba ne, daga baya aka sake buga shi.

Baban Ummi: Kuma in zai tura ya sa inshora. Nawa kunshin a bakin ƙofa aka jefar, ruwan sama ya same shi.

Zango Boy: A ginin mu ma kaya ba ya kwana a ƙasa, an kwashe min takalma.