Neman shawara: kwana tara kyanwata tana ƙarƙashin gado

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kiwon kyanwa ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai.

Yau kwana tara ke nan da na tsinci wata mage a bayan gidanmu, ta maƙale tsakanin bango da tankin ruwa, ƙafarta ta baya a kumbure. Daga baya na ji cewa yara ne suka yi ta jifanta. Na kai ta wurin likitan dabbobi, ya wanke ciwon, ya ce babu karaya, ya kuma ce ba ta wuce shekara ɗaya da rabi da haihuwa ba. Ya ba ni maganin kwana 5, mun gama, kumburin ya saɓe.

Amma tun da muka dawo gida ta shige ƙarƙashin gado, can ƙuryar da hannu ba ya kaiwa. In na leƙa, idanu kawai nake gani, baƙin idon ya buɗe ya cika, kunnuwa a kwance. Abinci sai dare ya raba take taɓawa. Kwanakin maganin kullum sai na jawo ta da ƙarfi, ba yadda zan yi. Shekaranjiya kuma na sake jawo ta na ɗora a cinya ina shafawa, a tunanina in ta ji ɗumin jikina za ta saki jiki. Jikinta sai ɓari yake, ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna, ta yi min fitsari a zani, ta yakushe ni ta koma. Tun daga nan ba ta ci komai ba.

Yarana uku suna sonta, da sun dawo makaranta sai su kwanta a ƙasa suna leƙenta suna kiranta. Maigidan ya ce in buɗe mata ƙofa ta kama gabanta. Ni kuma na kasa. Me zan yi?

Wata mai aiki a asibitin dabbobi:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri. Kafin maganar tsoro, maganar cin abincin ce ta fi tayar min da hankali. Kyanwa ba kamar kare ba ce wajen jure yunwa. In ta ɗauki kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, jikinta yakan fara kwaso kitse ya tara a hanta, hantar ta kasa aiki, kuma wannan ciwon yana kisa. Tunda kin ce tun shekaranjiya ne, daren yau shi ne ma'auni.

Ki dafa tsokar kaza ko kifi, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, don waɗannan biyun suna lalata musu jini. Ki cire ƙashi da ƙaya, ki ajiye da ɗan ɗuminsa saboda ƙamshin ya tashi, kyanwa da hanci take fara cin abinci. Ki tura kwanon kusa da bakin maɓoyarta, ki kashe fitila, ki fita ki ja ƙofa. Kada ki ba ta madara, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. In gari ya waye ba ta taɓa ba, ki mayar da ita wurin likita gobe, kada ki ƙara kwana.

Ki kuma duba tana fitsari da kashi. Dabbar nan gwana ce wajen ɓoye ciwo, sau da yawa abin da muke kira tsoro zafi ne take ji. Yakushin da ta yi miki fa, kin wanke da sabulu da ruwa sosai? Tunda ba ki san tarihinta ba, ki je a duba ki a asibiti, ki kuma tambayi likitan nata ko ya yi mata rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗauka.

Wani ɗan'uwa:

Hajiya, ni shawarar maigidanki nake goyon baya. Magen waje ba ta zaman ɗaki. In kuma kin nace, ki naɗe ta da tawul ki riƙa rungumarta kullum, dole ta saba. In ƙafar ce ke damunta ki ɓantara mata ɗan paracetamol a ruwa.

Mai aiki a asibitin dabbobi:

Malam, don girman Allah ka janye maganar paracetamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ɓarin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Dasashinta ya canza launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. 'Yar'uwa, kowane maganin mutane ne, kada ya shiga bakinta sai da izinin likita. Haka ma maganin ƙuma na karnuka, mai sinadarin permethrin a ciki guba ne ga kyanwa.

Ɗan'uwan:

Wallahi ban sani ba. Na janye, Allah ya ba da lafiya.

Wata dattijuwa:

'Yata, zo in faɗa miki. Na haura shekara talatin ina tare da kyanwoyi, kuma irin taki sun ratsa ta hannuna ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ki daina ganin laifin kanki a kan maganin, dole ce ta sa. Amma ki dubi abin ta idonta. Hannun mutum ne ya jefe ta. Hannun mutum ya ɗauke ta ya kai ta inda aka danne ta aka wanke ciwo. Hannun mutum ya yi kwana biyar yana shigowa maɓoyarta yana jawo ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ita yanzu ba ta san kin cece ta ba, abin da ta sani shi ne duk sa'adda hannu ya miƙo, wahala na biye. Maganar naɗewa da tawul kuwa, kyanwar da aka danne ta yi lamo ba sabawa ta yi ba, sandarewa ta yi don tsoro.

Aikin da ke gabanki shi ne ki zama mutumin da ba ya yi mata komai. Na san da wuya, ga wanda yake so, ƙyalewa ta fi komai ciwo.

Ɗaki ɗaya za ki ware mata, wanda ba a yawan shiga, ƙofa a rufe, taga a tsare. Tunda ta zaɓi ƙarƙashin gadon, ki bar mata shi, kada ki toshe, kada ki ja gadon. Sai ki ƙara mata wani maɓoyar: kwali ki kifa shi, ki yanka ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya gefe. Kyanwa ba ta son ramin da ba shi da mafita ta biyu. Ki shimfiɗa tsohon ɗankwalinki a ciki, wanda kika ɗaura ba ki wanke ba, ta riƙa kwana da ƙamshinki alhali ke ba kya nan. In da hali ki samar mata wuri mai tudu, ko saman kujera ne, don daga sama suke jin sun mallaki ɗaki. Bahon yashin da za ta riƙa fitsari da kashi a ciki ki kai shi nesa da abinci, ruwa ma ki ɗan raba shi da kwanon abincin.

Sannan ke. Sau biyu a rana, ki shiga ki zauna a ƙasa, nesa da gadon, ki ba ta gefen jikinki. Kada ki leƙa. Ki ɗauki abin karatu ko ɗinki, ki riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri, minti goma ko sha biyar, ki ajiye ɗan abin daɗi inda kika zauna, ki tashi a hankali ki fita. A wurin kyanwa, zuba ido kai tsaye barazana ce, haka abokin faɗa yake yi mata. In idonku ya haɗu, ki lumshe naki a hankali, ki buɗe, ki kau da kai. Ranar da ta mayar miki da lumshewar, ki gode wa Allah a zuciyarki, amma kada ki motsa.

Yaran kuma, a nan ne zan ɗan matsa miki. Fuska uku a bakin rami suna kiran suna, ga wadda yara suka jefa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ki kore su daga lamarin, ki ba su aiki. Ɗaya ya auna abinci, ɗaya ya canza ruwa, ɗaya ya zama mai gadin ƙofa. Amma shiga ɗakin, a yanzu ke kaɗai.

Mai tambaya:

Na gode Mama, wallahi sai da na yi hawaye da na karanta maganar hannun nan. Gadon da nake kwana ne, ba ni da wani ɗakin da zan ware. Ko hakan zai ɓata? Kuma har yaushe zan jira?

Dattijuwar:

Ba zai ɓata ba, wataƙila ma ya gyara. Mutum mai barci shi ne mutumin da kyanwa ta fi amincewa da shi, ba ya kallo, ba ya miƙa hannu. Za ki ji ta cikin dare tana zagaye, wata rana har ta shinshina ƙafarki. Ki yi kamar ba ki farka ba. Rediyo da waya dai a rage musu murya, shara da jan kaya a ɗakin a yi su a hankali, jinsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

Lokaci kuwa, kowace da nata. Na ga wadda ta fito a mako ɗaya, na riƙe wata baƙa da ta kai wata huɗu kafin ta yarda in taɓa kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani malamin makaranta:

Ina so in ƙara a kan maganar Mama. Akwai ɗan lokaci a rayuwar 'yar kyanwa, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, da take koyon ko mutum abin yarda ne. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin, ko ta firgita daga baya tana dawowa. Wadda ba ta san hannu ba a lokacin, za ta iya zama lafiya a gida, ta ci ta sha ta yi wasa, amma ƙila ba za ta taɓa zama mai hawa cinya ba. Na faɗa ne don kada ki auna nasara da cinya. Yadda ta bari kika ɗauke ta a ranar farko yana iya nuna ta san mutane, yana kuma iya zama ciwo ne ya kashe mata jiki. Lokaci zai nuna.

Maganar kwalin ma an gwada ta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun duba sababbin kyanwoyi a gidan ajiye dabbobi, waɗanda aka ba kwalin ɓuya sun fi saurin samun natsuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. Wato ɓuyan ba shi ne ciwon ba, da shi take jinyar kanta.

In ta fara ci sosai, ki gwada wasa. Ki ɗaure gashin tsuntsu ko ƙyalle a bakin doguwar sanda, ki ja shi a ƙasa yana nisantarta, kamar ɓera mai gudu, ba ki nufo ta da shi ba. Da asuba da gab da magariba suka fi kuzari. In kin gama ki ɗauke igiyar, suna haɗiyewa ta naɗe musu hanji.

Mai aiki a asibitin dabbobi:

Ƙari kaɗan. Akwai Feliway, wani ruwa da ake jonawa a soket, yana kwaikwayon ƙamshin da kyanwa ke gogawa da kumatunta a kan abin da ta amince da shi. Wasu yana musu aiki, wasu ba sa ganin bambanci, ba dole ba ne. In kuma mako uku ko huɗu suka wuce ba wani motsi, likita na da magungunan rage firgici da zai iya rubutawa. Alamun ci gaba ƙanana ne, ki lura da su: ta fara lasar jikinta, ta kwanta ta miƙe ƙafafu maimakon dunƙulewa, ta ci abinci kina ɗakin. Sakinta waje da ƙafar da ba ta gama warkewa ba kuwa, komawa ce wurin masu jifa.

Mai tambaya (washegari):

Alhamdulillah, ta ci! Na tashi da asuba na tarar da kwanon fes, kuma ta yi amfani da yashin. Ni ma na je an duba yakushin. Na nuna wa maigidan amsoshinku, ya ce a ba ta lokaci, shi ne ma ya yanka ƙofofin kwalin.

Mai tambaya (bayan kwana 16):

'Yan'uwa na dawo da labari. Makon farko ba abin da ya canza sai cin abinci, har na fara karaya. A rana ta takwas na shigo na ga ba ta ƙarƙashin gado, gabana ya faɗi, ashe tana cikin kwalin a kan ɗankwalina. Daga nan na riƙa matso da kwanon taku ɗaya kullum zuwa inda nake zama, kamar yadda Mama ta ƙara min bayani.

Jiya da yamma ina zaune a ƙasa ina ninke kayan yara, sai na ji abu mai sanyi a gwiwar hannuna. Hancinta ne. Ban juya ba, numfashi ma da ƙyar na yi. Ta shinshina, ta ja da baya, ta dawo, sannan ta goga kumatunta a hannuna sau ɗaya ta koma kwalinta. Har yanzu in an buga ƙofa sai ta ruga, kuma in ta ji muryar yaran a waje kunnuwan suna kwanciya. Ban taɓa ta ba tukuna.

Mama, babbar 'yata tana roƙon in bar ta ta shiga. Ta yi alkawarin za ta zauna shiru. In bari, ko da saura?

Dattijuwar:

Masha Allah, 'yata. Goga kumatun nan shaida ta sa miki. In ta sake zuwa, ki miƙa yatsa ɗaya ƙasa-ƙasa ki tsayar, ita za ta kawo kanta. Ki sosa gefen kumatu ko ƙarƙashin haɓa sau biyu ko uku ki janye tun ba ta gaji ba. Ciki da wutsiya da ƙafar nan, kada ki je can.

Jikata kuma ki bar ta ta shigo, amma tare da ke, ta zauna a bayanki, minti biyar ya isa a ranar farko. Ita za ta ajiye abin daɗin kafin ku fita. Sauran biyun su ƙara mako guda.