Sifikar da ta kai kuɗin gida: kunne ne ke saye ko ido?

Sadiku: Jama'a, ga maganar da nake so mu tauna yau. Ni a ganina duk sifikar da kuɗinta ya haura na mota, mai ita suna ya saya, ba sauti ba. Akwai ma waɗanda guda biyunsu ke cin kuɗin gida sukutum, irin manyan na Wilson Audio da Magico. To me ke ciki? Maganaɗisu ne, da naɗin waya, da faifan da ke tura iska. Tun 1925 da injiniyoyi biyu, Rice da Kellogg, suka fito da wannan tsarin a kamfanin General Electric, shi ake ta juyawa har yau. A rufe wa mai ita ido, a kunna masa wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba, na rantse ba zai bambance ba.

Alhaji Mamman: Yaro, ka taɓa zama gaban ɗaya daga cikinsu kuwa, ko dai a waya ka gansu? Araha ba ta ado. Ranar da ka zauna aka kunna maka, za ka ji mai waƙa a tsakiyar ɗakin, mai ganga a bayansa ta hagu, har numfashin da yake ja kafin ya buɗe baki. Kuma ko ka ƙure murya sautin ba ya tsagewa. Wanda bai ji ba shi ke musu.

Sadiku: Ranka ya daɗe, ai wanda ya biya dole ya ji numfashi. In bai ji ba ya zai yi da ransa?

Injiniya Hadiza: Sadiku, ka haɗa magana biyu ka yi musu ɗaurin goro, kuma ɗaya ba daidai ba ce. Cewa ba zai bambance ba kuskure ne. Da a kan wayar haɗa kayan sauti ko amfilifaya kake magana da na bi bayanka, don amfilifaya mai kyau a yau gurɓata sautin da take yi bai kai kashi 0.01 cikin ɗari ba. Sifika kuwa, musamman wajen bes in an buɗe murya, ta kan wuce kashi 1 cikin ɗari cikin sauƙi. A duk kayan sauti babu inda bambanci ke fitowa fili kamar sifika. Ko da ido a rufe za a bambance biyu. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wacce zai zaɓa in bai san wacce ce mai tsadar ba?

An kuwa gwada. Floyd Toole ya yi shekaru yana wannan binciken a Hukumar Bincike ta Ƙasar Kanada kafin ya koma kamfanin Harman a 1991. A 1994 shi da Sean Olive suka zaunar da ma'aikatan kamfanin, suka kunna musu sifikoki huɗu, sau ɗaya suna kallo, sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa. Da ana kallo, manya masu sheƙi suka yi wa ƙaramar fintinkau. Da aka ja labule tazarar ta ragu sosai, ƙaramar ta ɗago. Abin da ya fi ba ni mamaki a sakamakon shi ne, a bayan labule mutane sun lura da canjin sauti in an gusa sifika daga wani wuri zuwa wani, amma da suna kallo kusan ba su kula ba. Kuma ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba.

Anti Ladi: Ashe da gaske ne gani ya kori ji.

Alhaji Mamman: Injiniya, ina ganin girmanki, amma Harman ɗin nan ba su ne masu JBL da Revel ba? Ɗan kasuwa ya yi gwaji a ɗakinsa da ma'aikatansa, sai ki ce in ɗauka hannu bibbiyu?

Injiniya Hadiza: Tambayarka a kan hanya take, Alhaji. Sai dai tushen aikin a hukumar gwamnati aka yi shi, aka buga shi a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin Toole ba ya sayar wa kowa komai. Kuma a gwajin 1994 ɗin, manyan da labule ya rage wa maki har da na kamfanin nasu. Daga baya hanyarsu ta auna sifika ta zama ma'aunin da kowa ke iya bi, ana kiransa CTA-2034: a sa sifika a ɗakin da ba ya amsa-kuwwa, a auna sautinta ta gaba, ta gefe, ta baya, a zagaye ta kaf. Abin da aka gano shi ne yawancin masu sauraro, gwani da ɗan koyo, sun fi son wadda ke fitar da kowane mataki na sauti daidai wa daida ta gaba, kuma abin da take watsawa gefe bai yi hannun riga da na gaban ba. A 2004 Olive ya fitar da lissafin da ke hasashen makin da mutane za su ba sifika daga awon kaɗai, ya kuma dace sosai a kan sifikoki 70. A cikin lissafin babu gurbin farashi.

Sadiku: To ai magana ta ƙare.

Injiniya Hadiza: Ba ta ƙare ba, kada ka yi saurin tashi. Lissafin bai faɗi iya ƙarfin da sifika za ta ɗauka kafin ta fara kuka ba. Nan ne kuɗi ke da ta cewa.

Bala Sutudiyo: Bari in sa baki a nan, tunda da wannan nake ci. Sadiku, ka san Yamaha NS-10, mai farin faifan nan? A 1978 aka fito da ita don gida, ba ta yi farin jini a can ba, sai masu haɗa sauti suka rungume ta har aka daina ƙera ta a 2001. Ba ta da bes na kirki, tsakiyar sautinta da kaifi, ba mai cewa tana da daɗi. Amma waƙoƙi bila adadin an daidaita su a kanta, don in aiki ya yi kyau a kanta to zai yi kyau a rediyon mota. Wannan hujja ce a ɓangarenka. Ga ta ɓangaren Alhaji kuma: sutudiyon Abbey Road a Landan ya shekara da shekaru yana aiki da jerin 800 na kamfanin Bowers & Wilkins, waɗanda ba kayan araha ba ne ko kaɗan. Mutanen da ke naɗar ƙungiyar makaɗa tamanin a ɗaki ɗaya ba don ado suke saye ba. Suna son jin abu mafi taushi da mafi ƙarfi ba tare da an murɗa komai ba.

Malam Tanimu: Ni da sukurdireba nake hukunci. Na buɗe masu tsada, na buɗe masu araha. Kamfanoni da yawa ba su ke ƙera abin da ke motsin ba, saye suke daga irin su SEAS na Nowe ko Scan-Speak na Denmak, kuma kai ma za ka iya saye. Na taɓa buɗe wata da mai ita ke ji da ita kamar ƙwai, sai na tarar da wufa, wato faifan bes, irin wadda na sani a wata da ba ta kai rubu'in kuɗinta ba. Amma fa a yi adalci. Akwatin ba wasa ba ne. Ka ɗora tafin hannu a jikin mai araha tana aiki, za ka ji tana karkarwa, wato akwatin ma waƙa yake yi tare da mawaƙin ba a gayyace shi ba. Kashe wannan karkarwar na cin katako mai kauri, da tokare-tokare a ciki, wasu ma da alminiyon suke yi. Nauyi kuɗi ne, ɗauko shi kuɗi ne, fenti mai sheƙi kuɗi ne. Sannan wanda ke ƙera dubu ɗari a shekara da wanda ke ƙera ɗari, kuɗin zane da gwaji ba ɗaya zai faɗa kan kowace ba. Ga ribar mai rarrabawa, ga ta dillali. Kafin ta iso ɗakin Alhaji hannu nawa ta bi?

Sadiku: Wato dai kafinta da dillali ake biya.

Malam Tanimu: Kafintan yana da hannu a sautin. Dillalin ne ban ga nasa hannun ba.

Alhaji Mamman: Ku yi ta yi. Ƙaramar da ke fitar da siririn sauti a tawa da beriliyom aka yi ta, wasu ma da lu'ulu'u. Shi ma kafinta ne?

Injiniya Hadiza: A'a, wannan ilimi ne na gaske. Ana son abu mara nauyi mai tauri, don kada ya lanƙwashe yana kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa. Na alminiyon kan fara rikicewa a ɗan sama da Hz 20,000, wato kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, beriliyom da lu'ulu'u na tura rikicin can sama nesa. Sai dai kunnen ɗan Adam daga Hz 20 zuwa 20,000 yake ji, shi ma a ƙuruciya. Mutum na manyanta saman na zaizayewa, da yawa in sun haura hamsin ba sa jin 15,000. Ka gafarce ni Alhaji, amma shekarun da ke kawo kuɗin su ke tafiya da saman kunnen.

Alhaji Mamman: 'Yar nan, yau kin same ni.

Injiniya Hadiza: To bari in ba ka naka. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sifika na KLH: bes mai zurfi, ƙaramin akwati, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu, ba uku ba. Ba dabarar da ta karya ta. Da desibel ake auna ƙara: kowane ƙarin desibel 3 na bukatar ninka wuta, ƙarin desibel 10, wanda kunne ke ji kamar an ninka ƙara, na bukatar wuta ninki goma. Mai babban falo da ke son ya ji bes har ƙirjinsa ba tare da sauti ya dagule ba, dole ya tura iska mai yawa, wato manyan faifai da babban akwati da maganaɗisu mai ƙarfi. Wannan tsadar halas ce. Daga mai arahar gaske zuwa matsakaiciya mai kyau, tsallen babba ne, kowa zai ji. Daga nan zuwa babba mai cika falo, akwai ƙari na gaske. Daga can zuwa mai kuɗin gida ne nake neman hujja, kuma masu ƙera irin waɗannan kaɗan ne ke buga cikakken awonsu.

Bala Sutudiyo: Kuma duk kun bar babban ɓarawon, wato ɗakin. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Ɗaki mai tsawon mita 5 zai riƙa kumbura sauti a wajen Hz 34, da 69, da 103, haka nan faɗinsa da tsayinsa kowanne da nasa. Ƙasa da Hz 300 ko kusa da haka, ɗaki ne ke mulki. A kujera ɗaya bes ya yi maka yawa, ka matsa taku biyu ya ɓace, bambancin ya wuce desibel 10. Babu sifikar da tsadarta ke hana wannan. Na shiga falon da aka jingina masu tsada a lungu, ƙasa tayil, bango gilashi, wallahi tausayin kuɗin ya kama ni. Da an janyo su daga bango, an shimfiɗa kafet, an sa masu shanye sauti, an ajiye akwatin bes guda biyu a wurare daban, an auna da makirfo da manhajar REW wadda kyauta ce, da matsakaiciya ma ta ba su kunya.

Anti Ladi: Ni tambayata ɗaya. In mutum ya tara halaliyarsa, yana son ganin abin a falonsa, kallonsa na ƙara masa daɗin waƙar, ina ruwan wani? Ba a labule zai riƙa saurare ba ai.

Sadiku: Anti, ba ruwana da aljihunsa. Ya ce min ado ya saya, sai in ce Allah ya sa alheri. Inda muke rabuwa shi ne ya ce kunnensa ne ya zaɓa, ni kuma kurma ne.

Alhaji Mamman: Ban ce kai kurma ne ba, cewa na yi ba ka ji ba. Kuma ban yarda da sauraren minti biyu ba. Sifika sai an zauna da ita wata guda ake sanin halinta. Wata za ta burge ka da farko, bayan awa ɗaya kanka na ciwo.

Injiniya Hadiza: Mai sa ciwon kan nan yawanci awo na tona ta, za ka ga tudu a wajen Hz 2,000 zuwa 5,000 inda kunne ya fi kaifi. Zaman wata guda kuwa kunne ne ke sabawa, shi ya sa kowa tasa ta fi. Amma ba a hana ka lokaci ba, labule ba ya gajiya.

Alhaji Mamman: To na ji. Ku zo da taku, a ja labulen. Amma ni zan zaɓi waƙoƙin, kuma a kujerata.

Bala Sutudiyo: An yarda. Nawa sharaɗin: a daidaita ƙararsu da na'ura, ba da kunne ba, don wadda ta ɗara da ko desibel 1 ita za a ce ta fi daɗi. A ajiye su wuri ɗaya bi da bi, kamar yadda Harman ke yi da injin da ke musanya su cikin daƙiƙoƙi. Mai canzawa kuma kada ya yi ko tari.

Malam Tanimu: Injin nan fa ba mu da shi, kuma na san nauyin na Alhaji, da ni aka shigar da su. Sadiku, tunda kai ka tada maganar, ka zo da ƙartai huɗu, ni bayana ba zai ƙara ɗauka ba.