Neman shawara: sabon agogo mai kamannin na da, ko tsohon na asali?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Na shafe kusan shekara biyu ina tara kuɗi domin in mallaki agogon hannu mai inji, wato wanda ake yi wa wani da hannu ko wanda motsin hannu yake yi masa wani, ba mai batir ba. Waɗanda suka fi kwanta mini a rai su ne sababbin agogunan da manyan kamfanoni suke ƙerawa a kan fasalin nasu na shekarun 1950 da 1960, masu madaidaiciyar fuska da gilashi mai tudu da lambobi masu launin ƙasa-ƙasa kamar sun sha shekaru. Bayan dogon nazari uku suka rage mini: Tudor Black Bay Fifty-Eight, da Oris Divers Sixty-Five, da Omega Speedmaster mai wani da hannu. Wuyan hannuna siriri ne, kewayensa santimita 16 da rabi.

Abin da ya dagula mini lissafi shi ne wani abokina da ya ce duk wanda ya zuba kuɗi mai yawa a kan sabon agogon da aka yi wa kwalliyar tsufa, kwaikwayo ya saya, gara in nemi tsohon na asali. Shin yana da gaskiya? Kuma yaya irin waɗannan agogunan suke wajen riƙe lokaci? Sannan na ga masu sayarwa a intanet suna karya farashi ƙasa da na dilolin da kamfani ya amince da su, ko akwai wani haɗari a ciki?

Mai Gyaran Agogo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da batun lokaci, domin a nan ne sababbin shiga suka fi cizon yatsa. Tun ranar 25 ga Disamba, 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da yake auna lokaci da ƙanƙanin dutsen kwatz da ya shiga kasuwa, aka gama gardamar wane ne ya fi riƙe lokaci. Agogo mai batir na yau da kullum yakan kauce da kimanin daƙiƙa 15 a wata, alhali hukumar COSC ta Suwizalan, wadda take gwada injin agogo na tsawon kwana 15 kafin ta ba shi takardar shaida, ta yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a kowace rana. Idan ka lissafa, agogon da ya ci wannan jarrabawa yana iya wuce lokaci da minti uku a wata, kuma lafiyarsa ƙalau. Dalili kuwa shi ne abin da yake auna lokaci a cikinsa wani ɗan ƙaramin gargare ne mai lilo, ɗaure da siririn sifirin mai kaurin gashi, yana bugawa sau 28,800 ko 21,600 a awa, kuma zafi da sanyi da yadda ka ajiye agogon da dare duk suna taɓa shi. Tudor ɗin da ka ambata yana da shaidar COSC. Omega Speedmaster ɗin da ya fito a 2021 da inji 3861 yana da shaidar hukumar METAS ta Suwizalan, wadda ba ta yarda da jinkiri ko kaɗan ba, ta kuma ƙayyade gaggawa a daƙiƙa 5.

Game da maganar abokinka, ni da nake buɗe bayan agoguna ba zan ba mai sayen farko shawarar ya fara da tsoho ba. Agogon da ya shekara sittin, robar da take tare masa ruwa ta daɗe da bushewa, kayan gyaransa sun yi wuyar samu, kuma sau da yawa za ka tarar an sake masa fuska ko allurai ba tare da mai sayarwa ma ya sani ba. Akwai kuma abin da mutane ba su cika kula da shi ba: fentin da yake haske a duhu a kan agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 yawanci sinadarin radiyam ne. Haskensa ya mutu tuntuni, amma tururin gubarsa yana nan, domin sai ya shekara kimanin 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Idan irinsa ya zo hannuna, nakan yi kaffa-kaffa da ƙurar da take fuskarsa. Sabon kuwa fentinsa ba shi da wannan illa, launin tsufa kawai aka ba shi.

Abu guda da zan roƙe ka ka duba shi ne maganaɗisu. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini agogonsa ransa a ɓace, yana cewa yana gudu da minti biyar a rana, ya tabbata jabu aka sayar masa. Na kusantar da kamfas kusa da agogon, sai allurar ta juya. Ashe kullum da dare a kan murfin kwamfutar hannu mai maganaɗisu yake ajiye shi, zoben siririn sifirin suka manne da juna, sifirin ya gajarce, inji ya ƙara sauri. Cikin ƙasa da minti ɗaya na cire masa maganaɗisun da na'ura, ya koma daidai. Agogunan da suke da shaidar METAS an gwada su da maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), saboda haka wannan matsala ba ta kama su.

Kada kuma ka manta da sabis. Man da yake cikin inji yana bushewa, kuma bayan shekara biyar zuwa goma sai an warware shi gaba ɗaya an wanke an sake zuba mai. Oris ɗin da yake ɗauke da injin da aka gina a kan Sellita SW200, injin da kamfanonin agogo da yawa suke amfani da shi, kusan duk ƙwararren mai gyara zai iya yi masa aiki, amma injin da kamfani ya ƙera wa kansa galibi sai an mayar da shi wurinsu, an jira makonni.

Hajiya Mai Tara Agoguna ta amsa:

Malam Mai Gyara ya yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda a watsar da maganar abokin nan gaba ɗaya ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A ganina tsufa iri biyu ne a jikin waɗannan agoguna. Akwai wanda fenti ne kawai, kamar lambobin nan masu launin ƙasa-ƙasa da aka rina su tun daga masana'anta, kuma ni da kaina bayan shekara guda suka fara gundurata, saboda na san ba rana ce ta dafa su ba. Akwai kuma tsufan da yake cikin ƙirar kanta, wanda kake ji a hannunka kullum. Speedmaster misali ne mai kyau: tun 1957 ake yin sa ba a daina ba, hukumar NASA ta amince da shi a 1965, Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969, kuma har yau kana iya samunsa da gilashin roba mai tudu da injin da sai ka yi masa wani da yatsunka. Wannan ba za a kira shi kwaikwayo ba. Sai dai ka tambayi kanka tsakaninka da Allah ko za ka jure yi masa wani kowace safiya, domin awa 50 yake riƙewa, kuma gilashin roba yana karcewa da ɗan abu kaɗan, ko da yake ana goge shi ya koma sabo. Gilashin safaya ba ya karcewa da sauƙi, amma idan ya daki abu mai tauri yana iya fashewa.

Sai batun wuyan hannunka, wanda a wurina ya fi duk sauran muhimmanci. Kada faɗin fuska ya ruɗe ka. Na taɓa sayen wani agogo daga nesa saboda hotonsa ya burge ni, da ya iso na ɗaura sai na ga ƙahonnin da suke riƙe maɗauri sun zarce wuyan hannuna sama da ƙasa, agogon yana reto kamar na aro. Wata uku ya yi a akwati kafin na sayar da shi da asara. Abin da za ka auna shi ne tsawo daga ƙahon sama zuwa na ƙasa. Black Bay Fifty-Eight faɗinsa milimita 39 ne, Speedmaster kuwa 42, amma tsawon ƙahonninsu duka yana tsakanin milimita 47 da 48, saboda haka bambancinsu a hannu bai kai yadda lambobin suke nunawa ba. Inda Tudor ya yi zarra shi ne kauri, domin bai kai milimita 12 ba, yana shigewa ƙarƙashin hannun riga salin-alin.

Tsohon Dila ya amsa:

Zan taƙaita a kan tambayarka ta uku. Yawancin masu karya farashi a intanet kayansu na gaske ne, sai dai sun biyo ta bayan gida, kuma sau da yawa katin garantin kamfani ba ya biyo agogon, ko ya zo babu hatimin dila. Omega da Tudor duka suna ba da garantin shekara biyar, kuma ga mai sayen farko wannan ya fi ragin da za a yi masa daraja. Idan har ka nace sai ka saya a wajensu, ka tabbata lambar da take jikin agogon ta yi daidai da ta katin, kuma an rubuta maka damar mayarwa. Kada ka saya da niyyar cin riba, domin mafi yawan agoguna darajarsu tana faɗuwa ne da zarar an ɗaura su.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je wurin dila na ɗaura biyu daga cikinsu, kamar yadda Hajiya ta nuna. Speedmaster ya zauna mini fiye da yadda na zata, amma da na tuna halina na mantuwa sai na ga wanin kullum zai zame mini aiki. Tudor kuwa yana yi wa kansa wani, yana riƙe awa 70, wato idan na cire shi ranar Juma'a da yamma zan same shi yana tafiya ranar Litinin da safe, kuma zuciyata ta fi karkata gare shi. Saura tambaya ɗaya ga Malam Mai Gyara: an rubuta mita 200 a fuskarsa, shin zan iya iyo da shi hankali kwance?

Mai Gyaran Agogo ya amsa:

Za ka iya, da sharaɗi biyu. Na farko, ka tabbata ka murɗa kan wanin ya kulle tsam kafin ka shiga ruwa, domin yawancin agogunan da ake kawo mini da raɓa a cikin gilashi ta nan ruwa ya shige su. Na biyu, idan kana yawan iyo ka riƙa kai shi a gwada ƙarfin robarsa sau ɗaya a shekara, kuma ka ɗauraye shi da ruwan daɗi duk lokacin da ka fito daga teku. Idan da maɗaurin fata ka zaɓe shi, ka sauya zuwa sarƙa ko na zare kafin ka shiga, saboda fata ba ta shiri da ruwa.