Koren tsatsa na cin maɓallan kakin sojan Yaƙin Bama

Assalamu alaikum. Daga Katsina nake, kuma na rasa yadda zan yi da kayan kakanmu, wanda ya yi aikin jinyar sojoji a Yaƙin Bama. Maɓallan tagulla ne guda tara masu tambarin bishiyar dabino irin na rundunar RWAFF (rundunar sojan Afirka ta Yamma ta zamanin mulkin Ingila), da bajon hula ɗaya, da lambar yabo ta Burma Star. Shekaru suna cikin gwangwanin ƙarfe, naɗe da tsumma.

Bayan damina sai na tarar da wani koren abu kamar gari ya fito a kan huɗu daga cikinsu, musamman bayan maɓallin, wajen ƙaramin zoben da ake ɗinkewa. Na goge biyu da lemun tsami da toka, koren ya fita amma tagullar ta koma ja-ja, wai tsamin ne ya cinye sinadarin zinc na sama. Na uku na sa masa Brasso, maganin goge tagulla, ya yi ƙyalli, sai dai ganyen dabinon ya fara shafewa, farin maganin kuma ya maƙale cikin zanen. Abin ya ƙona mini rai, domin zanen nan shi ne shaidar rundunarsa. Cikin mako uku koren ya dawo, ga ƙananan ramuka a ƙarƙashinsa. Wani maƙerin farfaru ya ce a gasa su a wuta, ban yarda ba, tsoron kada dalmar da ta riƙe zoben ta narke.

Don Allah masana, da me zan tsayar da wannan koren tsatsa ba tare da na ƙara cin tagullar ba?