Manomi da bashi ya ci a Amurka: abin da aka ba da shawara

Da aka tattauna kan manoman Amurka da bashi ya yi wa katutu, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a jira banki ya zo ƙwace gona. A nemi lauya tun da wuri, a shigar da ƙara ƙarƙashin Babi na 12 na dokar karayar arziki, sashen da aka tanada domin manoma. An kafa shi a 1986, lokacin da faɗuwar farashin hatsi da tsadar ruwan bashi suka durƙusar da dubban iyalai. Da zarar an shigar da ƙara, kotu na dakatar da masu bin bashi. Manomi ya ci gaba da noma, yana biya cikin shekara 3 zuwa 5, galibi bayan girbi. A 2019 aka ɗaga iyakar bashin da manomi zai iya shiga wannan babi da shi zuwa dala miliyan 10.

Wasu sun ja kunne game da Babi na 7 na wannan dokar: ana sayar da kadara, tabon kuma na bin sunan mutum shekara 10, ba a kuma yafe kuɗin ciyar da yara da ake bin mutum.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun kunya. An nanata cewa a gaya wa iyali gaskiya da wuri, domin ɓoye bashi na raba aure.